Hannun Nurlela

"An kori ƙarar," in ji alƙali. "Doka ta kare duk likitan sa-kai da ya taya gwamnati aikin ceto."

Dakta Ratih ba ta ji sanyi a ranta ba. Tun ranar girgizar ƙasar take jin kukan Nurlela, yarinyar da rufin makaranta ya danne wa hannu. Jini na zuba, motar ɗaga kankare shiru, sai ta yanke hannun ta jawo ta. Ko ɗaure dungun ba ta gama ba, motar ta iso.

A bakin kotu Pak Darwis, wato Malam Darwis, uban yarinyar, ya tare ta.

"Pak, ka yi haƙuri," ta ce. "Da na ƙara jira kaɗan..."

"Da ta mutu, Likita. Na sani."

"To me ya sa ka kai ni ƙara?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ni ne direban motar. Na tsaya a hanya ina ciro 'ya'yan wasu, ban san tawa na jirana ba. So na yi alƙali ya ce laifinki ne, ko na samu in yi barci."