Rufaffiyar Wuƙa

Jikarmu tana zaune a gindin kabad da wata rufaffiyar wuƙa a bakinta, tana gwada sababbin haƙoranta biyu a kan ƙotar ƙaho. Maɓallin buɗe wuƙar yana dab da leɓenta.

"Kada ki yi ihu," in ji mijina, murya ƙasa-ƙasa. "Wa ya rufe wuƙaƙen?"

Ni ce. Tun yana saurayi yake tara wuƙaƙen garinmu Maniago na Italiya, waɗanda kaifinsu ke fitowa da dannawa ɗaya. A buɗe yake jera su, wai kada ƙarfen da ke harbo kaifin ya gaji. Yau da safe na bi su duka na rufe saboda yarinya za ta zo, na manta ban kulle gilashin kabad ɗin ba.

Ya durƙusa a hankali. "Ke marowaciya, ba za ki sam wa Nonno, kakanki, ba?"

Ta ƙyalƙyale da dariya, ta miƙo, ta matse maɓallin.

Tas!

Tafin hannunsa ya riga ya tare gefen da kaifin ke fitowa. Jini na bin hannun rigarsa, shi kuwa sai gwalo yake mata don kada ta tsorata.

"Tsohuwa," ya ce, bai ko dube ni ba, "buɗaɗɗiya barci take yi. Rufaffiyar ce ke jira."