Tafintan Mutumin Ƙanƙara

Duk unguwar Briqueterie babu mai jin Faransancin silima kamar Nata'ala tela. Shi da bakinsa ya shaida haka.

Da aka tashi daga fim ɗin la'asar, 'yan kallo suka tsaya musu a ƙofa. Wani ya rantse saɓo ne a tono mutumin farkon zamani daga ƙanƙara a tashe shi kafin ƙiyama. Wani mahauci ya ce ai sanyi na ajiye nama. Murja kuwa, wadda Nata'ala ke nema, ranta sai tafasa yake. Awa biyu Nata'ala ya yi yana fassara mata a kunne.

"Kin dai ji abin da mutumin ƙanƙarar ya gaya wa likitar da ta tashe shi," ya ce, yana gyara hula. "Namiji ba mata, gara ƙanƙara. Murja, in turo manya wurin Baffa?"

Ta dube shi har ya sauke hannu.

"Malam Nata'ala, idona biyu ka shirga mini ƙarya, ina ga na shiga ɗakinka? Kada ka turo kowa."

"Faransancin ne mai zurfi..."

Ta ja tsaki, ta gyara mayafi, ta wuce.

Mutumin ƙanƙarar dai, daga farkon fim har ƙarshe, gurnani kawai ya yi.