Zoben Fiffiken Hagu

Likitan haƙori ya yi ritaya, amma kayan aikinsa ba su yi ba. Ɗan madubin da ya yi shekaru yana leƙa bakunan jama'a da shi, yanzu da shi yake leƙa mazaunin matuƙi a cikin wani jirgin yaƙi wanda tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Hantsakin cire auduga kuwa ya koma ɗaukar tayoyin da ba su kai maɓallin riga ba.

Duk wannan a kan teburin cin abinci ake yin sa. Kwalaben fenti sun mamaye gefe guda, gam da burushi sun mamaye ɗaya gefen, a tsakiya kuma ga wani ƙaton littafin hotunan jiragen yaƙin duniya shimfiɗe a buɗe. Kujerun ma ba su tsira ba, don a kansu ake shanya fukafukai. Matarsa ta daɗe tana karya kumallo a tsaye kamar mai jiran mota.

Ranar da ta tsinci farfelar jirgi a cikin sukari, haƙurinta ya ƙare.

"Kyaftin," in ji ta, don haka take kiransa, ko da yake mutumin ko tsani ya hau sai jiri ya kwashe shi. "Gasar nan taku ta ƙarshen wata ita ce iyaka. In ka ciyo ta, tebur ya zama naka har abada. In ka faɗi, ku tattara, kai da rundunarka, ku koma ɗakin ajiya wurin mataccen firji."

"Maman yara, kin yi kasada," in ji shi.

Ba ta yi kasadar komai ba. Tun da ya shiga ƙungiyar masu ƙera ƙananan jirage, ko na uku bai taɓa zuwa ba.

Dokar ƙungiyar ɗaya ce, kuma ba ta da sassauci: abin da hoto ya nuna shi za a sa, ba ƙari, ba ragi. Saboda haka Likita ya duƙufa a kan hoton jirginsa, wanda aka ɗauka daga sama, ya cika shafi biyu, launinsa ruwan ƙasa irin na tsoffin hotuna. Ya kwaikwayi kowace ƙusa. Ya kwaikwayi baƙin hayaƙi a bayan injin, da inda takalmin matuƙi ya goge fenti.

Wata safiya ya ga abin da bai taɓa lura da shi ba. A kan fiffiken hagu, kusa da tambarin ƙasa, akwai wani siririn zobe, ya ɗan fi kauri ta gefe ɗaya, kuma bakinsa bai haɗu ba. Fiffiken dama ba shi da shi. Likita ya ɗora laifin makantarsa ta baya a kan tsohon tabarau, ya bi sauran littattafansa shafi-shafi, bai sami zoben a jikin kowane jirgi ba. Nan take ya yanke hukunci irin na masana: abin da babu shi a ko'ina, ai ɓoye shi aka yi. Alamar rundunar sirri ce.

Ya auna zoben, ya rage shi daidai da girman jirginsa. Launin ne ya ba shi wuya. Sai da ya ɗiga fari kaɗan a cikin ruwan ƙasa sannan ya dace. Ya zana shi yana riƙe da numfashi, ya bar giɓin a inda yake, sannan ya kai shafin aka buga masa kwafi don ya zama hujja.

Ranar gasa alƙalai suka tsaya a kan jirgin, suka dubi kwafin, suka dubi juna. Babbansu tsohon malamin tarihi ne, wanda ba a taɓa jin kalmar "ban sani ba" a bakinsa ba.

"Likita, wannan zoben fa?"

"Au, Malam, ashe ba ka san shi ba?"

Malamin ya gyara tsayuwa. "Haba dai! Gwada ka nake yi. Rundunar sirri ce, kowa ya sani. Giɓin nan ma yana nufin matuƙin bai yi aure ba tukuna."

Alƙali na biyu ya ce kawunsa ya taɓa ganin irinsa da idonsa. Na uku ya nemi a ara masa kwafin. Ba a ko yi gardama ba, Likita ya zo na ɗaya, har wasu suka fara tunanin ƙara zoben a jiragensu.

Ya shigo gida yana ƙamewa kamar soja, ya kafa lambar yabonsa tsakanin kwalaben fenti.

"Maman yara, na gaba mai inji huɗu ne. Wataƙila ya ɗan taɓa kantar kicin."

Matar nan ba ta saɓa magana. "Alkawari na yi, Kyaftin. Allah ya sanya alheri," ta ce.

Ta haɗa shayi don ta sanyaya zuciya, ta dawo ta tsaya a bakin teburin da ya fita hannunta. Wayarta ta yi ƙara. Ta duba hagu da dama, babu wurin ajiye ko cokali, sai ta ɗora kofin a kan buɗaɗɗen littafin, kamar yadda ta taɓa yi wata safiya. Da ta ɗaga shi, fiffiken dama ma ya shiga rundunar sirri, da giɓinsa daidai inda gindin kofin ya ɓantare.