Sa Hannun Mamaci

Hannun ƙanenta bai gama hucewa ba ta cusa masa alƙalami tsakanin yatsu, ta riƙe, ta rubuta sunansa a ƙasan takardar tuba.

Shekara goma ke nan da sojoji suka kwaso shi daga gidan zuhudu na Dutse Mai Tsarki, suka aske masa gemu, suka dawo da shi ƙauye. Laifinsa ɗaya: ya ce sunan Yesu ba laƙabi ba ne, Allah da kansa yana cikinsa. Fada, limamin cocin ƙauyen, ya ce in bai sa hannu ya janye ba, a bayan katangar coci za a binne shi.

Kullum in ta kawo masa miyar kabeji sai ta tsokane shi. "Taurin kai kamar bunsurunmu! Suna ai suna ne."

"Yaya, mala'ika ne ya sauko da sunan tun ba a yi cikin Yesu ba. Ma'anarsa Ubangiji na ceto." Sai ya yi dariya. "Da kike kirana daga bakin rafi muna yara, sunana ke zuwa ko ni?"

"Kai ɗin ma ba ka zuwa!"

An binne shi cikin katanga, kusa da mahaifiyarsu, Fada yana ta yabon tubansa.

Ita kuwa, baiwar Allah, tun ranar in tana addu'a ta iso kan sunan nan na Yesu sai ta tsallake. Ba mantuwa ba ce. Tsoro take kada ta kira, ya zo.