Reshen da Aka Kafa a Kan Kabari

Habila, ɗana, ka ce shekara tara mahaifinka bai ambaci sunanka ba, sai ranar da zai cika ya ce "ku kira shi", kai kuwa ka iso an riga an rufe shi. Kana tambaya ko ƙaunarsa ta tsaya ke nan a kan kalma uku har abada. Ni ban je can na dawo ba, fastoci ma na sha jin suna musu a kai. Amma ga misali.

Wani mai ɗaukar kaya da jaki, mutum mai busasshiyar zuciya, yana tafiya da matarsa sai zazzaɓi ya kayar da ita a wani fako, inda babu gida babu inuwa. Nan ta rasu, nan ya binne ta. A zamansu ko ɗankwali bai taɓa saya mata ba. Da zai tashi, kunya ta hana shi barin kabarin haka. Ya zaro wani ɗanyen reshen cediya da ya saro da safe don korar jaki, ya gicciya masa kara, ya ɗaure da sarƙar linzami, ya kafa. Shi kansa ya raina abin.

Bayan shekara ashirin da biyar tsufa ya karya shi, ya dawo neman kabarin don ya roƙi gafara. Bai gane wurin ba. Kwana uku yana duba ƙasa yana neman ɗan gicciyensa, in rana ta yi zafi sai ya fake a gindin wata ƙatuwar bishiya inda matafiya ke hutawa, mata na sayar da kunu. A rana ta uku ya fid da rai, ya jingina da bishiyar, sai wani abu ya soke shi a baya. Ya waiwaya. Bakin sarƙarsa ne, itace ya haɗiye sauran. Ya zube ƙasa a gindin bishiyar, har masu kunu suka zaci farfaɗiya ce. Ashe kwana ukun nan a inuwar abin da yake nema yake zaune. Da suka ɗaga shi, abin da yake ta faɗa kawai shi ne, "Na sare shi fa. Da hannuna na sare shi."

Ni ma duk lokacin da na tuna, sai tsigar jikina ta tashi. Busasshen itace in ya shiga ƙasa gara ce ke cinye shi, amma wanda ya shiga da ɗan ruwa a jikinsa, sara bai gama da shi ba. Mahaifinka da ɗanyen reshe ya tafi gaban Ubangiji, Habila. Ka daina auna shi da tsawon da yake da shi ranar da aka sare shi. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.