Famfon Mai Ɗaya, Kan Jirgi Biyu

Ga wani misali, kuma ina roƙo a saurare shi har ƙarshe kafin a yanke masa hukunci.

A wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa, a kan layin da ba ya ɗaukar fasinja sai kaya, akwai tsofaffin kawunan jirgi guda biyu masu shan man gas, waɗanda suka girmi yawancin ma'aikatan wurin. Kamfanin da ya ƙera su ya daɗe da daina yin kayan gyaransu. Ɗaya yana aiki, yana jan taragun hatsi da siminti cikin tari da baƙin hayaƙi. Ɗayan kuwa ƙafarsa ta tsage, aka tura shi ƙarshen layi har ciyawa ta fara tsirowa a ƙarƙashinsa. Direban wannan na biyu dattijo ne wanda ya yi furfura yana tuƙa shi. Kullum da safe sai ya zo ya share shi, ya kori kaji, ya tayar da injin na ɗan lokaci don kada ya yi tsatsa, yana jiran ranar da za a samo ƙafa. Ya san in kan nan bai tashi ba, shi ma zamansa a gida ya tabbata, domin babu na uku da za a ba shi. Ya kuma san al'adar wurin: duk kan da aka ciri abu ɗaya daga jikinsa, to ya shiga hannun mahauta, yau a yanki nan, gobe a yanki can. Saboda haka ko ƙusa ba ya bari a taɓa.

Ana nan, hadari ya fara haɗuwa a gabas, aka cika taragu da takin zamani na manoman ƙauyukan da mota ba ta isa da damina. Ranar tashi sai famfon mai na kan da ke aiki ya mutu. Babban makaniki yana da ikon ya sa a ciro na wancan, amma kunya ta hana shi. Ya zo ya durƙusa gaban dattijo, ya yi ta gaisuwa yana maimaitawa, ya kasa faɗin abin da ya kawo shi. Dattijo ya dubi taragun, ya dubi sama, ya tuna cewa takin da ya iso bayan shuka ta yi rawaya bai yi wa kowa rana ba. Can ya ce, "Kai ɗan nan, gaisuwar ta isa haka, kada ka ƙarar da ita. Miƙo mini sifana. In dai yanka ne, mai dabba ya fi sanin gaɓa."

Da hannunsa ya kwance famfon, ya goge shi da gefen rigarsa, ya kai, ya tsaya har aka ɗaura. Injin ya yi tari, ya kama. Jirgi ya ja takinsa ya fita a hankali, dattijo kuma ya wanke hannu, ya sallami kowa, ya kama hanyar gida a ƙasa.

Mutane kan faɗi karin maganar nan da dariyar mugunta, amma wannan bawan Allah ya nuna ana iya faɗinta da hannu a buɗe: faɗuwar wani, tashin wani.