Ranar Ƙarin Aji

Karo na tara ke nan Injiniya yana danna maɓalli, amma jerin sunayen ɗalibai na nan a allon kwamfuta kamar an dasa shi. 'Yan aji ɗaya suna aji ɗaya abinsu.

Aikin kuwa bai kamata ya gagari wanda ya yi karatu na ƙwarai ba. A rumbun bayanan makarantar akwai wani tsohon umarni ajiyayye, wanda in an kira shi a ƙarshen shekara sai ya ɗaga kowane ɗalibi zuwa aji na gaba, ya yaye 'yan ajin ƙarshe, ya aika wa iyaye saƙo. Injiniya ya kawo sabuwar manhaja mai yi masa tafinta da rumbun, domin a cewarsa mai ilimin zamani ba ya magana da rumbu baki da baki.

Goggonsa, shugabar makarantar, ita ta tsaya masa tsayin daka har hukumar gudanarwa ta ɗauke shi. Da ƙarfe biyu hukumar za ta zo ganin abin da ya iya.

Ya sake kiran umarnin. Tafinta ya ce an gama, jeri ko gezau.

"Wane jahili ne ya rubuta wannan shirme?" in ji shi. Wayar ofishin sakatare ta dame shi da ƙara, ya tashi zai rufe ƙofa, sai ga Goggo ta leƙo.

"Ɗan nan, kada ka kunyata ni. Da bakina na ce babu kamarka."

"Goggo, na'urar ce ke taurin kai."

"To, ta gamu da ɗan'uwanta," ta ce, ta wuce.

Ya danna na goma sha ɗaya da haushi, na goma sha biyu da zufa. Da dabara ta ƙare, ya yi abin da marasa ilimi kan yi: ya rufe manhajar, ya sake buɗewa.

Manhajar tana cikin tashi ya tuna darasin da ya yi wa riƙon sakainar kashi: tafinta kan riƙe tsohon kwafi ya yi ta nunawa, muddin ba a ce ya koma rumbu ya duba ba.

Sabon jeri ya fito fari fat. Makarantar mai aji goma sha biyu ba ta da sauran ɗalibi ko guda. Har 'yan shekara shida an yaye su daga sakandare, an kuma taya iyayensu murna.